Ciwon Bayana da Turmin da Na Ɓoye

Ni ne mai laifi, ba Baba Altine wanzami ba. Na sa wannan maganar a farko ne don wanda ba zai iya karantawa har ƙarshe ba ya tafi da ita. Maganin ciwon bayan da ya ba ni bai cuce ni ba. Turmin da na daka shi a ciki ne ya cuce ni, kuma turmin nan ni na ɓoye shi da hannuna. Amma kada wani ya zaci na rubuta ne don in zagi maganin gargajiya, ko don in faranta wa masu cewa da na rufe bakina. Su duka biyun ba za su samu abin da suke so a wurina ba.

Sunana Ummaru, ana ce mini Sanda. Ƙauyenmu yana ƙasar Bukkuyum, ba nisa da Tungar Guru. Firamare na gama sai karatun allo, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun ya gyara a ransa.

Ciwon ya samo asali ne a shekarun zinari. Ni ban cika shiga rami ba. Aikina ɗaukar buhunan dutse daga bakin rami zuwa inda babura ke jira, in na samu nawa rabon kuma in kawo gida in daka. Wata rana na sunkuya na ɗago buhu sai na ji ƙas a ƙuguna, daidai inda tazuge ke zama. Tun daga ranar ban sake yin ruku'u kamar mutane ba. Da safe sai na dafa bango kafin in miƙe. In abin ya motsa, yakan gangaro ta ƙafar hagu har ɗan yatsa, kamar an zura mini waya mai zafi.

Sai shekarar da yara suka yi ta mutuwa ta zo. Wanda yake ƙasar nan ba ya bukatar in ba shi labari. Yayana Garba, wanda muke gida ɗaya da shi, ya binne 'yarsa da ko yaye ba a yi mata ba. Ma'aikata suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen da muke dakawa a tsakar gida. Suka kankare ƙasar gidaje suka zuba sabuwa, suka ce duk turmin da ya taɓa dutse a fito da shi. Mai gari ya tara maza a ƙofar masallaci, kowa ya rantse ya fitar da komai. Ni ma na rantse.

Amma turmina yana nan. Na itacen ƙirya ne, mahaifinmu ya bar mini, irin wanda in ka buga shi yake amsawa kamar ganga. Na ce a raina, itace ne, me itace zai riƙe? Na tura shi cikin tsohon rumbun da muka daina zuba hatsi, na rufe shi da tsofaffin buhuna. Ko matata Kulu ba ta sani ba.

Na bar zinari na koma noman shinkafa a fadamar wajen Gummi. Wanda ya san dashen shinkafa ya san ba aikin mai ciwon baya ba ne, amma yara ba sa cin uzuri. Shekaru na yi ina lallaɓawa da man zafi da ƙwayoyin kemis, har ƙwayoyin suka fara ƙona mini ciki. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne ƙahon Baba Altine.

Baba Altine wanzamin gidanmu ne tun kakanni. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, shi ya yi wa 'ya'yana. Ranar kasuwar Gummi yana shimfiɗa tabarmarsa a gindin wata bishiyar bedi, da zabirarsa ta asake da ƙahoni, da sassaƙe da saiwoyi a jere. In ya kafa mini ƙaho a ƙugu nakan samu makonni ina barci. Yana yi yana tsokanata, wai bayana ya tsufa ya bar ni a baya. Da na koka masa cewa sauƙin ba ya daɗewa, sai ya haɗa mini sassaƙen maɗaci da wasu saiwoyi, ya ce in daka, in jiƙa da ruwan tsamiya, in sha safe da yamma. Na ce ya ba ni dakakke mana.

"Ba ni saida gari, Sanda," ya ce. "Wanda za shi sha abu, shi ga abin da za shi sha."

Da na kai wa Kulu ta ce ba a turminta ba. In maɗaci ya shiga itace, in ji ta, fura ta ɓaci har baɗi, kuma ba ta yi ƙarya ba. Maƙwabta ma babu matar da za ta ba da turminta don maɗaci. Sai na tuna da nawa. Daka ba baƙon abu ba ne a wurina, zinari ya koya wa mazan ƙasarmu riƙon taɓarya. Na jawo shi daga rumbu, na wanke da toka da ruwan zafi.

Kulu ta tsaya tana kallona. "Malam, wanga ba turmin dutse ba ne?"

Na ce an yi shekaru, kuma na wanke, kuma ba ita za ta sha ba. Ba ta ƙara ja da ni ba, amma ta kafe a kan abu ɗaya: ba a tsakar gida ba. Ta sa na kai shi bayan rumbu, ta hana yara zuwa wajen, ta ware mini kwano da ludayi nawa ni kaɗai. A lokacin na ɗauka raini ne. Yau in na dubi yaran nan suna gudu da ƙafafunsu, ban san da wane baki zan gode mata ba.

Makon farko na ji daɗi. Ko maganin ne ko sa rai ne, na yi sallar Juma'a a tsaye har aka idar. Na riƙa yabon Baba Altine a majalisa.

A mako na biyu zuwa na uku bakina ya canza. Kome na ci sai in ji kamar na tsotsi tsohon kwabo. Tuwo ya fita raina. Daga nan ciki ya fara murɗa, ba irin na ƙwayoyin kemis ba, wannan kamar ana matse tsumma ne a ƙasan cibiya. Bayan gida ya tsaya cak. Inna mahaifiyarmu ta ce magani ne ke faɗa da cuta, in daure. Yaya Garba ya ce basir ne ya taso, dama shi ke kawo ciwon baya, in ƙara yawan abin da nake sha. Wani maƙwabci ya ce sammu ne, ya san wani malami a ƙasar Anka. Na ɗauki ta Yaya Garba, na ninka.

Da abin ya ƙi, na koma wurin Baba Altine. Ya ce in dakata da sha nan take. Ya ce ya daɗe yana ba mutane haɗin nan bai taɓa ganin ya yi haka ba, in kawo masa ragowar garin ya duba. Zan faɗi gaskiya: a nan turmin ya faɗo mini a rai. Na kore shi. Ban kai garin ba, don na san zai tambaye ni a ina na daka. Ban kuma daina sha ba, don bayan ya ɗan lafa kuma lokacin yankan shinkafa ya matso.

Wajen wata biyu da farawa hannun dama ya mutu daga wuyan hannu. Na ɗauki buta zan yi alwala ta suɓuce. Lauje ya gagare ni. Ga fushi, abu kaɗan sai in hau yara da faɗa, ni da ban saba ba.

Aka sayar da shinkafar da muka ajiye ta iri aka kai ni wani asibitin gwamnati. Mun isa da hantsi ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Wanda ya ƙera bencin asibiti bai taɓa ciwon baya ba. In na zauna ƙugu, in na tsaya ciki, in na kwanta a ƙasa mai shara ta ce in tashi. Likitan yaro ne, kuma ka gan shi ka ga wanda ya gaji, ban riƙe shi a rai ba. Ya tambaye ni ko ina shan jiƙe-jiƙe, na ce e. Ya ce in daina, irin waɗannan suna lalata ƙoda. Ya rubuta mini maganin ciki da na sakin bayan gida, aka kira na gaba.

Abin da ya faɗa ke nan. Bai ce Baba Altine ya ba ni guba ba, bai ma san da shi ba. Ni na ɗauki maganar na ƙara mata gishiri, saboda ta zo mini daidai da abin da nake so in ji.

Ranar kasuwa ta gaba na sa aka kai ni Gummi. Na tarar da Baba yana yi wa wani ɗan tireda ƙaho. Ban yi sallama ba. Na sa ƙafa na watsar da sassaƙen da ke kan tabarma, na ɗaga hannuna da ya lanƙwashe na nuna wa jama'a, na ce ku gani, likita ya ce guba tsohon nan ya ba ni. Ɗan tiredan ya miƙe da ƙahoni biyu manne a bayansa ya ja gefe. Wasu suka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Baba bai rama ba. Ya durƙusa yana tsince saiwoyinsa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya yana hure musu ƙura. Sarkin kasuwa ya zo, ya ji ta bakina, ya ga hannuna, ya ce wa Baba ya ɗan huta da zuwa har a gane gaskiyar magana.

Hutun nan shi ne ya kashe masa sana'a. Labari ya riga shi isa gida. Aka fara yin suna a ƙauyuka ba a kira shi ba, sai a ɗauko wani yaron wanzami daga Gummi. Gidajen da kakansa ya yi wa aski suka juya masa baya. Ina jin duk wannan daga kan tabarmata, ina cewa shi ya ja wa kansa.

Na daina shan jiƙon, cikin ya ɗan sassauta, amma hannu bai dawo ba. Kulu ce ta matsa mu je Anka, inda ake duba yaran da dalma ta taɓa. Ta ce murɗar cikin nan da fushin nan ta taɓa ganinsu a gidan nan. Na ce ni yaro ne? Ta ce a'a, yaro yana jin magana. Akuyarta ta sayar muka tafi.

Can ma layi ne, mata da goyo har waje, ni kaɗai ne mai gemu. Aka ce aikinsu na ƙananan yara ne. Allah ya saka wa wani dattijon likita da ya ce tunda mun zo a bar mu mu shiga. Ya sa na miƙa hannuwa gaba, na dama ya faɗi kamar na kuturu. Ya ɗaga leɓena ya daɗe yana duban dasashi. Ya tambayi sunan ƙauyenmu, sannan ya sa aka ɗebi jini. Da muka koma karɓar sakamako ya ce akwai dalma a jinina mai yawa, kuma ba ta da ce kaɗai ba, sabuwa tana shiga. Ya ce na koma rami ne? Na ce rabona da dutse tun shekarar mutuwar yara. Ya ce to daga ina? Na ce sai dai maganin wanzami.

Kulu tana zaune a ƙasa kusa da ƙofa. Ba ta dube ni ba. "Likita," ta ce, "a tambaye shi inda yake daka maganin."

Har muka iso gida ban yi mata magana ba. Wannan ma yana cikin abin da na nemi gafararta a kai.

Ma'aikata biyu suka biyo mu da wata na'ura da ake riƙewa a hannu. Suka ɗora ta a cikin turmin, suka dubi juna. Suka ɗora a kan garin da na daka, shi ma dalma ta nuna. Sai Kulu ta kawo ragowar sassaƙen da ban kai ga dakawa ba, yana nan a ƙullinsa yadda Baba ya ba ni. Suka gwada, babu komai. Suka ce dutsen ya shige cikin tsagogin itacen, duk bugun taɓarya sai ya fito, tsamiya kuma ta narkar da shi na shanye. Suka kankare ƙasar bayan rumbu, suka tafi da turmin a cikin leda. Aka gwada yarana, Allah ya tsare.

Jinyar ta ɗauki watanni. Ƙwayoyin da ake wanke jini da su warin ruɓaɓɓen ƙwai suke yi, a sha a huta a sake gwaji a sake sha. Kuɗin mota kaɗai ya cinye abin da muka noma. Hannun ya dawo a hankali, ko da yake har yau ba ya riƙe lauje ya daɗe. Aka tura ni Gusau hoton baya. Da dattijon likitan ya duba sai ya faɗi maganar da ta zauna mini: "Bayan nan ba warkewa zai yi ba, lallaɓa shi za ka yi har ku rabu." Na tambaye shi ƙaho fa? Ya ce in aska sabuwa ce kuma ina jin sauƙi, shi ba zai hana ni ba, amma duk abin da zan sha in kawo ya gani, kuma in faɗi gaskiya in an tambaye ni.

Mutanen gari sun ɗauka ma'aikatan zagayensu suka zo na kullum. Yaya Garba ne kaɗai ya ga turmin da idonsa. Ya yi kwanaki ko gaisuwata ba ya amsawa, kuma yana da gaskiya, shi ya binne 'ya. Da ya buɗe baki sai ya ce in rufa mana asiri. Ya ce na rantse a ƙofar masallaci, in maganar ta fita ba ni kaɗai za a nuna ba, gidanmu za a nuna, har aurar da 'ya'yanmu sai ta yi wuya. Ya ce in kai wa tsohon buhun shinkafa a ɓoye, mutane suna da mantuwa.

Na bi shawararsa rabi. Na ranci shinkafa na kai wa Baba Altine har gida. Na same shi a zaure yana tufkar igiya, abin da yake sayarwa ke nan yanzu ya ci. Zabirarsa tana rataye, gizo-gizo ya yi saƙa a jikinta. Na faɗa masa komai. Ya saurara bai daina tufka ba. Da na gama ya tambayi hannuna, ya kama ya murza ya ce zai dawo. Sannan ya ce in ɗauke buhuna.

"Ba a zaure kaz zage ni ba, Sanda."

Na je wurin liman na tambayi kaffarar rantsuwata. Ya ce wanda ya rantse yana sane ƙarya yake yi, ciyarwa ba ta wanke shi, sai tuba da mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Daga nan na wuce wurin mai gari, na faɗa a gaban dattawa. Abin da ya faɗa mini ba zan rubuta ba, kuma na cancanta. Tun ranar ake kirana Sanda mai turmi. Su kira. Abin da na sani, ba a yi mako ba aka wayi gari da wasu turame a bakin ramin da ake zubar da gurɓatacciyar ƙasa, ba wanda ya ce nasa ne. Masu su suna cikin masu yi mini dariya a majalisa, kuma ina kallonsu ido cikin ido.

Masu cewa dama ai maganin gargajiya haka yake, su nemi wani shaidan, ba ni ba. Na'urar asibiti ce ta wanke sassaƙen Baba Altine. Masu cewa asibiti ɓata kuɗi ne su ma su matsa, da ba don gwajin jini ba da yanzu ana yi wa Kulu ta'aziyya. Mai ciwon baya zai nemi sauƙi duk inda yake, ba wanda ya isa ya hana shi. Ya dai san a ina aka daka abin da zai sha. Wanda yake da turmi ko taɓarya ko dutsen niƙa da ya taɓa dutsen zinari, toka ba ta wanke shi, shekaru ba sa wanke shi.

Da na je wurin sarkin kasuwa, ya ce in na faɗi gaskiyar nan a inda na yi maganar farko, Baba zai koma gindin bedinsa a ranar. Yaya Garba ya ce ba da babur ɗinsa ba, kuma in na tafi kada in ƙara kiransa yaya. Na ce yayana ne ko ya so ko ya ƙi, na hau kabu-kabu. Aka aika aka ɗauko Baba. Ya zo da zabirarsa a kafaɗa amma bai shimfiɗa tabarma ba, ya tsaya. Na jira sai da kasuwa ta cika, 'yan tireda da mahauta da masu kifi duk suna nan. Durƙuso ba ya yi mini sauƙi, sai da na dafa bedin kafin gwiwoyina su kai ƙasa. Na ɗaga murya yadda na ɗaga ta ranar da na watsar masa da kaya, na ce:

"Jama'a, ni ne Sanda da ya ce Baba Altine ya ba shi guba. Ƙarya na yi, likita bai faɗa ba. An gwada maganinsa an same shi da tsabta. Turmin dutse na ɓoye bayan na rantse na fitar, a ciki na daka, ni na ba kaina guba. Ya ce in daina sha na ƙi, ya ce in kawo ya duba na ƙi. Baba, na ci mutuncinka a nan, na hana ka abincinka, kai da ka riƙe kaina ina ɗan kwana bakwai. Ba ni da hujja ko ɗaya. Ka yafe mini don Allah."